Jar Shukar da Na Kai Bayan Tanki

Alhamis, sha biyar ga wata, ƙarfe bakwai saura kwata na safe. Ina zaune a saman bene, a kan bokitin fentin nan da muka kife muka mai da shi kujera, takarda a kan gwiwata. Rana ba ta gama hawowa kan tankin ruwa ba. Zannuwan gadon Yaya suna kan igiya tun jiya, ta manta da su. A bakina kuwa akwai ɗanɗanon abin da ya kamata mu ci tare, ni kaɗai na ci shi.

Ya ke Tartsatsi, sanyin idona, hasken safiyata, inuwar da nake nema idan rana ta take! Aminci ya tabbata a gare ki, ke da dariyar nan taki da ake jiyowa tun daga matakalar ƙasa. Na so in kira ki raɓa, har na rubuta, sai na soke, domin raɓa shiru take sauka, ke kuwa ba ki taɓa shiga wuri shiru ba. Ke ruwan farko ce, mai dukan kwano har mutane su daina jin maganar juna, kowa ya leƙo yana shaƙar ƙamshin ƙasa. Na so in kira ki wata, sai na tuna wata aron haske yake yi, ke kuwa naki ne na kanki. Ki yi haƙuri da ni, ko a wasiƙar soyayya na kasa rubuta abin da ban tabbatar ba. Wannan halin ne ma ya kawo mu inda muke yau.

Jibi Asabar za ki shiga mota ki tafi makarantar ungozoma, shekara uku. Kin yi mini tambaya a daidai nan inda nake zaune, ban ba ki amsa ba. Amsar tana cikin wannan takarda. Amma ki bar ni in zo mata ta hanyar da na iya, daki-daki, ko da yake kin san rabin labarin. Ɗaya rabin ba ki san shi ba.

Kin tuna ranar da Kawunki direba ya dawo daga doguwar tafiyar nan da wani jiƙaƙƙen buhu? Shuke-shuke bakwai ne a ciki, da ƙasarsu a jikin saiwa. Ya ce sitiroberi ne, amma shida daga ciki ba irin wanda aka saba gani ba ne, fararen 'ya'ya suke yi, ko sun nuna ba sa ja. Guda ɗaya ce kaɗai ja. Ya ce matar da ta ba shi ta ja masa kunne kada a raba su, shi kuwa bai tambayi dalili ba, saƙo aka ba shi ya isar. Kika kinkimo buhun zuwa saman bene yana ɗiga a matakala, kika same ni ina taya Yaya shanya. Ban daɗe da gama jami'a ba a lokacin, ina zuwa ɗakin gwajin ruwa a matsayin mai koyon aiki, ban san ko za su riƙe ni ba. Kafin ranar, gaisuwa ce kawai tsakaninmu a matakala, ke kina gaisuwar, ni ina amsa wa takalmina. Kika dire buhun a gabana kika ce tunda an ce ni masanin kimiyya ne, in zo in yi abin da zai amfani jama'a ko sau ɗaya ne.

Wayyo wannan rana! Da ana iya ɗaure yini a bakin zane a ajiye, da ita zan ɗaure. Muka yanka tsofaffin jarkoki, ke da wuƙar kicin, ni da rula ina auna inda za a huda don ruwa ya fita. Kina zuba ƙasa da hannu bibbiyu, ina cewa a tsaya a raba taki da yashi daidai. A nan kika raɗa mini Malam Sikeli, Yaya ta cafe sunan, har mijinta ma yanzu da shi yake kirana. Da muka gama, kika jera fararen a kewaye, kika sa jar a tsakiya. Kika ce jar ke ce, fararen kuwa ni ne da abokan aikina masu farar riga, mun zagaye ki mun yi tsuru-tsuru, an rasa mai cewa uffan. Na yi dariya har na zauna a kan jiƙaƙƙen buhun. Ban san rabon da in yi dariya irin wannan ba tun ina shekarar ƙarshe a makaranta.

Daga nan safiya ta zama tamu. Kafin ki tafi asibitin unguwa inda kike karɓar katin marasa lafiya, kafin ni in tafi wurin kwalabena, sai mu haɗu a nan. Ke da butarki, kina kwarara ruwa yadda ranki ya ba ki, ni da kwalba mai zane a jiki. Kina yi wa shuke-shuken hira kamar ƙannenki. Ki ba su labarin matar da ta haihu a cikin mota a ƙofar asibiti, da yadda aka rasa kowa sai ke kika riƙe mata hannu, da jaririn da ya fito da gashi kamar an yi masa kitso tun a ciki. Ina durƙushe ina duba bayan ganye wai ina neman ƙwari, alhali fuskarki nake duba. Idan kina maganar haihuwa, idanunki sukan yi irin hasken da ruwa ke yi a cikin kwalba idan an ɗaga ta sama a rana. Yaya kan yi ta jan shanyar riga uku har mu gama, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin shukar da ke buƙatar mutum biyu su tsaya a kanta suna murmushi ba.

Sai fure ya fito, farare ƙanana masu rawayar tsakiya. Kika lura ƙudan zuma ba sa hawowa nan sama sosai, kika ce to ke za ki zama zumar. Kika tsinci gashin tattabara a ƙasa, kika goga a furen jar, kika kai wa na farar da ke cikin jarka mai karyayyen hannu, kina kwaikwayon kukan ƙuda da bakinki, kina kaɗa gwiwar hannu kamar fiffike. Fure biyu kika taɓa kafin in karɓe gashin. Na ce ba shi da tsabta. Na ce kuma garin furen jar zai gurɓata farar. Kika ce in bar ki da aikinki, ba a koya wa zuma sana'a, amma kika sakar mini gashin kina dariya. Ni ban yi dariya ba. Na sauka da maganar a raina.

Ga rabin da ba ki sani ba. A wurin aikinmu, abu na farko da ake koya wa mutum shi ne kada samfur ya taɓa samfur. Ɗigo ɗaya daga wata kwalba ya isa ya ƙaryata sakamakon wata. A wancan makon, shugaban sashenmu ya tuttular da aikin yini guda a gabanmu saboda an yi musayar murfi biyu, bai ɗaga murya ba, ya dai tuttular. Na hau nan sama da wannan ido na dubi da'irarki. Na ga abu mai wuyar samu, wanda Kawu ya ɗauko daga nesa, an sa masa ja a tsakiya. Na ƙudura a raina cewa 'ya'yan za su fito jaja-jaja, ba fari ba, ba ja ba, ki rasa abin mamakin da kike ta ba ƙawayenki labari. Na so in miƙa miki fari tas, irin wanda babu wanda ya taɓa gani a layinmu. Wallahi don ke na yi. Amma ban tambaye ki ba. Na gaya wa kaina cewa kin tafi rubuta jarrabawar shiga makaranta, bai kamata in dame ki da maganar shuka ba. Gaskiyar ita ce na san za ki ce a'a, shi ya sa na jira sai da kika tafi.

Na ɗauki jar na kai ta bayan tanki, na kafa kwali a tsakaninta da sauran. Na ba ta ruwa daidai da na kowa, ban rage mata ko ɗigo ba. Abin da ban auna ba shi ne bangon wajen. Da rana ta juya, zafinta ya doki bango ya dawo kan ganye, babu iska, babu inuwa. Kullum da safe nake ganinta, da safe kuwa wurin lafiya lau yake. Kafin in ankara gefen ganyen ya ƙone, kafin in yanke shawarar ko in mai da ita, ta langwaɓe.

Kika dawo, ko jakarki ba ki ajiye ba kika hau. Ina jin takunki kina tsallake matakala bibbiyu, kina ƙwala wa 'yan farar riga sallama tun kafin ki iso. Kika tsaya. Da'ira ga ta nan, tsakiyarta wayam. Na nuna miki bayan tanki. Kika durƙusa a gabanta, kika taɓa busasshen ganyen da yatsa ɗaya, ni kuma ina tsaye a kanki ina zuba bayani, garin fure kaza, gurɓata kaza, tsabtar iri kaza. Na yi zaton za ki yi faɗa, har na shirya amsa. Ke da ba a gama miki jimla ba ki tare ba, kika bar ni na kai ƙarshe. Sannan kika miƙe kika kaɗe gwiwarki.

"To, Malam Sikeli," kika ce, "ka samu farinka tsantsa."

Kika sauka. Ban ji takunki ba ko ɗaya. Ina matakalar da ke amsa miki kamar ganga? Ina dariyar da ke riga ki isowa? Me ya sa hannun da ke taka-tsantsan kada ya fasa kwalbar gwamnati bai dakata ba lokacin da ya ɗauke ki daga tsakiya?

Fararen suka ci gaba da fure, furen ya yi ta bushewa yana zubewa. Na ƙara taki, na rage ruwa, na ƙara ruwa, na juya jarkokin. Sai da na gaji sannan na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun ranar da Kawu ya isar da saƙo, na nemi karatu a kan irin. Ashe garin furen farar ba shi da ƙarfi, ita kaɗai da kyar take ɗaukar ɗa, sai da ja a kusa da ita. Ashe kuma garin jar ba ya canza launin ɗan ko kaɗan, farar fari za ta haifa ko da jajaye goma ne suka kewaye ta. Abin da na ji tsoro babu shi. Abin da na kora shi ne abin da suke rayuwa da shi. A cikin shuka shida, da furen da ya fi ƙarfin ƙirga, 'ya'ya biyu ne suka kama, dukansu a jarka mai karyayyen hannu, a daidai furen nan biyu da kika taɓa da gashin tattabara kina kukan ƙuda.

Na so in sauko in gaya miki. Sau nawa na tsaya a ƙofarku, in ji muryar Mama tana magana da ke a ciki, in wuce kamar an aike ni?

Ke ce kika hau, makon jiya, da takardar samun gurbi a hannunki. Na yi miki murna, kin kuwa san har zuciyata ne. Babban ɗan ya cika, ya yi fari irin na madara, ƙananan ƙwayoyin da ke jikinsa kamar riɗi sun fara ja, rabi sun yi, rabi ba su yi ba. Kika ce mu raba shi yanzu a matsayin shagalin takardarki, kika miƙa hannu. Na ce a dakata, bai nuna ba, sai ƙwayoyin sun yi ja gaba ɗaya. Kika janye hannun a hankali. Kika naɗe takardar, kika warware, kika sake naɗewa.

"In tafi ko in zauna?" kika ce. "Na tambayi Baba, na tambayi Mama. Yanzu kai nake tambaya."

Me na ce miki, ya sanyin idona? Na ce har yanzu ba a tabbatar da ni a aiki ba. Na faɗi nisan garin, na faɗi tsawon shekarun. Na ce ba daidai ba ne mutum ya yi alkawarin abin da ba shi da tabbacin cikawa, ki ba ni lokaci in duba al'amarin ta kowace fuska. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na faɗa, kuma babu amsa ko ɗaya a ciki. Kika dube ni, kika dubi ɗan sitiroberin, kika ce za ki zuba ido ki ga wanda zai riga nuna tsakanin shi da bakina. Tun ranar ba ki sake hawowa ba.

Yaya tana bayan zanin shanya, ta ji komai. Ba ta yi mini magana ba sai da muka zauna cin abinci. Ta ce, Auta, yarinya ta miƙo maka zuciyarta a tafin hannu, kai kuma ka tafi neman safar hannu. Mijinta ya ce ta bar ni in ci abinci. Ta ce ai ba zan ci ba sai na auna zafinsa. Suka yi dariya, na yi ƙoƙarin taya su.

Ran Litinin ƙwayoyin suka gama ja. Ya nuna, yadda littafi ya ce, babu abin da ya rage. Da kin gan shi! Fari mai ɗan sirkin rawaya, da ɗigo-ɗigon ja kamar an yayyafa masa, gefen da rana ke taɓawa ya yi ɗan jan kunya irin na kumatun jariri. Ƙamshinsa kuwa tun daga bakin ƙofa. Na ce ba zan taɓa shi ba sai kin zo. Amma ban aika a kira ki ba. Na ɗauka za ki ji a jikinki, kamar yadda kika saba jin komai kafin in faɗa. Na jira Litinin, na jira Talata, na jira jiya, ina tsara kalmomin da zan tare ki da su, ina gyarawa. Yau da na hau, na tarar kiyashi sun riga mu. Sun huda shi ta ƙasa, inda ba na gani, sun cinye kusan rabi, sauran ya yi laushi yana shirin zubewa.

Na tsinke shi. Na yanke inda suka ɓata da wuƙar kicin ɗin nan taki da kika manta a kan taga. Abin da ya rage bai fi kan babban yatsa ba. Na tsaya da shi a hannu ina sauraren matakala, ko Allah zai sa. Sannan na ci.

Bari in gaya miki yadda yake, tunda haƙƙinki ne ki sani. Ya fi ja laushi, ba sai an tauna ba, yana narkewa tsakanin harshe da ganda. Da farko zaƙi ne mara nauyi. Sai wani ƙamshi ya taso ta hanci, kamar an yanka abarba a ɗakin da ke kusa. Sai can ƙarshe ɗan tsami ya biyo baya, siriri, ya tsaya a gefen harshe bai tafi ba. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Na juya da sauri in ce miki, kin ji abarbar? Babu kowa sai zannuwan Yaya suna kaɗawa. Kaico! Ashe daɗi ma yana da ciwo idan babu wanda za a juya a gaya wa? Ashe abin da aka tsare da yawa, tsaron ne yake cinye shi? Ranar da kika miƙa hannu, da na bari, da mun ci shi da ɗan tsaminsa, ki yamutsa fuska, ki ce Kawu ya cuce mu, mu yi dariya. Da wancan tsamin ya fi mini wannan zaƙin sau dubu.

Da na haɗiye, na ce bari in kawar da gawar jar daga bayan tanki, na gaji da kauce wa wurin da ido. Na ɗaga jarkar, sai na ji wani abu ya riƙe ta. Wani siririn zare ne ya fito daga gindinta, ya bi ƙasa, ya zagaya ƙarƙashin kwalin da na kafa. Na bi shi da yatsa. Kin san inda famfon tanki ke ɗiga, inda ƙasa ta taru a tsagar siminti ta yi kore? A nan ya tsaya. Kafin ta bushe, ashe jar ta yi yaɗo, ta tura 'yarta neman ruwa, 'yar ta kafa saiwa. Ganye uku gare ta, kore shar, kowanne bai kai faɗin farce biyu ba. Na durƙusa a wurin da kika durƙusa. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka. Ni na kore ta, na kafa mata katanga, ita kuwa ta bi ta ƙarƙashi, ta nufo wajen fararen. Wa ya koya mata irin halinki?

Na haƙo ta da cokali, da ƙasarta, na dasa ta a jarka mai karyayyen hannu, gab da farar da ke ɗauke da ɗa na biyu. Ban auna tazara ba. Ganyensu yana taɓa juna. Wannan jarkar ce Yaya za ta sauko miki da ita tare da takardar nan.

Ɗan da ke jiki bai nuna ba a lissafina, ƙwayoyinsa rabi ne suka yi ja. Naki ne. Ki ci shi lokacin da ranki ya so, ko yanzu, a tsaye a bakin ƙofa, ko a cikin mota, ko ki ba Mama. Na fara rubuta miki yadda za ki riƙa ba su ruwa a can, na soke. Ke da butarki kin fi ni da kwalbata sanin ƙishirwarsu.

Ga amsata, ya hasken safiyata, ko da ta zo a makare. Ki tafi. Na ga fuskarki lokacin da kike ba shuke-shuke labarin matar cikin mota, ba zan zama wanda zai sake ɗauke ki daga inda kike bunƙasa ya kai ki bayan tanki ba. Akwai matan da ba ki san su ba da ke jiran hannunki. Amma kada ki tafi kina zaton ban damu ba. Ina son ki. Na so ki tun buhun nan yana ɗiga a matakala. Ina so ki zama matata, ki zauna a tsakiyar rayuwata ki cika ta da surutu, ki kwarara ruwa yadda kika ga dama, ki katse ni idan bayanina ya yi tsawo. Har yau ba a tabbatar da ni a aiki ba, ba ni da abin da zan nuna wa Baba sai takardar jami'a da farar riga ta aro. Duk da haka, idan kin yarda, gobe Juma'a zan roƙi mijin Yaya ya raka ni in gaishe shi, in faɗa masa abin da na faɗa miki, da bakina. Ba ni da tabbacin komai. Wannan karon na faɗa ba tare da shi ba.

Idan kuma shirun da kika sauka da shi ya riga ya zama hukunci, ba zan ce kin zalunce ni ba. Sau biyu kika miƙo hannu, sau biyu na ce a dakata. Wane ne zai zargi ruwan sama idan ya wuce gonar da aka rufe da kwali?

Fararen nan biyar suna nan a wurina. Zan ba su ruwa kowace safiya, za su yi fure, furen zai zube, na san haka yanzu. Mijin Yaya ya ce a sa Kawu ya kawo wata jar a tafiya ta gaba, magana ta ƙare. Na ce a'a. Tsakiyar da'irar za ta zauna wayam har ranar da wadda ke hannunki ta yi yaɗo kika aiko mini da 'yarta, ko kika hau da ita da kanki kina tsallake matakala bibbiyu. Ko shekara uku ne, ko fiye, ba wata ja da za ta shiga wurin nan, ba kuma wata da za ta shiga inda kike a zuciyata. Wannan alkawari ne, daga mutumin da kin san ba ya iya rubuta abin da bai tabbatar ba.

Naki, yau da gobe da bayan shekarun,
Malam Sikeli

Yaya ta hau ɗaukar zannuwanta, tana tsaye a kaina, ta ce idan ban naɗe takardar nan ba za ta fizge ta kai miki a haka. Amma ba zan rufe ba sai na faɗi abubuwan da ban sani ba, don kada ki ɗauka na ɓoye su.

Ban sani ba ko ƙaramar jar za ta jure dashe da doguwar tafiya a mako ɗaya.

Ban sani ba ko garin da za ki je yana da sanyin da suke so, ko ɗakin da za a ba ki yana da taga mai samun ranar safe.

Ban sani ba ko direba zai bari ki riƙe jarkar a cinyarki. Hannunta karyayye ne, ta ƙasa ake tallafarta.

Ban sani ba ko da gaske abarba na ji, ko kewarki ce ta yi mini ƙamshi. Harshe ɗaya ba ya isa shaida, ina buƙatar naki.

Ban san abin da Baba zai ce ba.

Ban sani ba, idan Yaya ta ƙwanƙwasa kika buɗe, ko za ki miƙa hannu bibbiyu ki karɓa, ko za ki ce mata ta ajiye a bakin ƙofa.

Ina nan a kan bokitin, ina sauraren matakala.